Girbin Alkama a Gonar Wani Tsohon Matuƙin Jirgi

Wani ƙyalle ruwan lemo mai kama da ƙafar wando ne ya fara yi mana maraba. An ɗaure shi a kan dogon ƙarfe a gefen gona, iskar kudu ta cika shi ya miƙe sambal. Mun bar kwalta kenan mun hau burji, ƙura tana bin mu a baya. Na tambayi abokina ko na korar tsuntsaye ne, irin tsumman da muke ratayawa a gonar gero idan ya fara ƙosawa. Ya yi dariya har motar ta nemi kaucewa. Ya ce da shi kakansa yake gane inda iska ta dosa idan zai sauka. Na ce ya sauka daga ina? Ya ɗaga yatsa sama.

Shekarata ta biyu kenan a Manhattan. Ba ta New York da ake nunawa a talabijin ba, wata 'yar ƙarama ce a jihar Kansas, inda Jami'ar Jihar Kansas take. Dawa ce ta kai ni. Kansas ta fi kowace jiha a Amurka noman dawa, sai dai su shanu suke ba wa, ko su yi man mota da ita, ko su loda wa jirgin ruwa a kai waje. Ranar da na gaya wa mahaifina haka a waya shiru ya yi, can ya ce Allah ya kyauta. Jami'ar ba baƙuwarmu ba ce, domin a shekarun 1960 malamanta sun je Zariya sun taimaka wajen kafa tsangayar noma da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma wasu daga cikin tsofaffin malaman Samaru a nan suka ƙaro karatu. To amma wata ashirin na yi tsakanin ɗakin gwaji da 'yan filayen gwaji masu faɗin tabarma goma, ban taɓa kwana a gidan manomi ba. Shi ya sa da abokin karatuna ya ce zai tafi gida taya girbin alkama a tsakiyar Yuni, kuma ana neman hannu, ban bari ya rufe baki ba.

Tafiyar kamar awa uku ce a a-kori-kurarsa. Mun ratsa tuddan Flint, inda dutse ya hana garma shiga, ciyawar asali ta tsira har yau shanu suna kiwo a kai. Mun wuce Abilene, garin da Shugaba Eisenhower ya tashi, muka karkata kudu a Salina. Daga nan ƙasa ta kwanta shafal, ta koma ruwan zinariya ta ko'ina. A Hutchinson na ga rumbun siminti da tsawonsa ya kusa rabin mil, fari fat, sai ka ce ganuwar wani birni. Hanyoyin karkara kuwa kamar an ja su da zare: kowane mil ɗaya sai ka tarar da wata ta gitta, abin da ke tsakiya eka 640 kenan, wajen hekta 259. Na yi lissafin gonar gidanmu a zuci, na ga za ta shige wani lungu na murabba'i ɗaya ba tare da kowa ya lura ba. Na kama bakina har muka shiga gundumar Kingman.

Mai gidan yana kwance a ƙarƙashin injin girbi, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito, dogo ne, ya haura saba'in da biyar, wuyansa ya ƙone da rana, hannu duk baƙin mai. Na rusuna zan gaishe shi, sai shi ma ya sunkuya yana duba ƙasa, a zatonsa wani abu na yar. Ya faɗi sunansa ya ce in riƙa kiran sa da shi. Bakina ya ƙi. Na ce masa a wurinmu yaro ba ya kama sunan sa'an kakansa gatsau, idan ya yarda zan ce masa Baba, matarsa kuma Inna. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce an kira shi da abubuwa da yawa a duniya, wannan ba ta cikin masu zafi. Jikan kuwa tun daga saukowa mota ya fara tsokanarsa cewa injin ya girme shi, shi kuma yana ramawa cewa 'yan jami'a sun zo a ɓoye musu sifana. Wasan jika da kaka dai, babu inda babu shi.

Ni da na yi karatu a Samaru, na san matuƙin jirgi. Ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙi ta Zariya suna shawagi a kanmu kullum, kuma idan ɗalibanta suka shigo gari da farar riga da igiya a kafaɗa, mu 'yan noma sai mu ji kamar mu ɓoye takalmanmu masu laka. A ƙauyenmu idan aka ce yaro zai zama matuƙin jirgi, ana nufin ya yi hannun riga da fartanya har abada. Ga shi yau wanda aka ce ya shekara fiye da ashirin yana tuƙa manyan kamfani a sama yana miƙo mini gwangwanin giris yana nuna mini inda zan matsa.

Washegari na yi asubanci ina jiran a fita, sai na tarar babu mai gaggawa. Ba a yankan alkama da raɓa. Sai rana ta ɗaga, wajen goma ko sha ɗaya, Baba ya shiga gona ya murje zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwaya biyu a baki. Idan ta yi ƙaras a haƙori ta bushe, idan ta danƙu a jira. Haka mahaifina yake gwada masara kafin a zuba a buhu. Bambancin kawai, a nan bayan haƙori sai an kai samfur rumbun ƙungiyar manoma na'ura ta auna, domin idan danshi ya haura kamar kashi 13 da rabi cikin ɗari za a rage maka kuɗi. Irin alkamar tasu ta hunturu ce: a shuka ta a Satumba ko Oktoba, ta tsiro, sanyi ya kwantar da ita, ta farka da bazara, a girbe a Yuni. Asalinta wata ja ce mai tauri da ake kira Turkey Red, wadda Kiristoci 'yan ɗariƙar Mennonite suka zo da ita daga ƙasar Rasha a 1874. Ita ce alkamar burodi.

Injin kuwa gayya ce guda a cikin ƙarfe. Shi ke yanka, shi ke sussuka, shi ke shiƙa, ya watsar da kara ta baya, ya tara tsaba a cikinsa. Tarakta tana jan wani babban akwati ta jera da shi, ya juye mata yana tafe bai tsaya ba, ita kuma ta kai wa babbar mota a bakin gona. Mutum huɗu ne ke yin abin da a wurinmu sai an tara unguwa da makaɗi. Aikina shi ne raka mai babbar mota zuwa rumbu, in ja tamfol in rufe kaya, in karɓo takardar awo. A hau sikeli da kaya, a soka wani dogon bututu a ɗebi samfur, a juye a rami, a sake hawa sikeli fanko. Awonsu bushel ne, na alkama kilo 27 da 'yan kai, wato huɗu sun ɗan haura buhunmu. Farashin ranar yana rubuce a allo, kuma kowa ya shigo can idonsa yake fara zuwa kafin ya gaisa da mutane.

Da yamma Inna ta kawo abinci gona, aka buɗe bayan mota aka jera. Tun kafin mu iso ta tambayi jikanta abin da ba na ci, saboda haka babu alade ko kusa, kifi ta gasa mini daban da dankali da masara, ga shayi mai ƙanƙara a babban bokiti, abin da har yau ban gama yarda cewa shayi ba ne. Da na matsa gefe zan yi la'asar a kan kututturan alkama, Baba ya ga na fuskanci arewa maso gabas. Mutane da yawa a jami'a sun sha tambayata dalilin da ban kalli kudu maso gabas ba, tunda a taswira Makka tana ƙasa da Kansas. Shi bai tambaya ba. Da na idar ya ce daidai ne, hanya mafi kusa a bayan ƙwallon duniya ba ita ce ta kan takarda ba, shi ya sa jirgin da zai je Turai yake bi ta saman Kanada. Sannan ya koma kan kujerarsa ya tayar da inji.

A dare na biyu ne na ji labarinsa, kuma ba zama aka yi don a ba ni ba. Wani bel ya tsinke gab da magariba, wadda a can sai kusan ƙarfe tara take yi, muka tafi babbar rumfar kwano neman wani. A ciki, tsakanin tarakta da buhunan iri, ga ɗan farin jirgi Cessna 172 an toshe masa hanci da soso saboda tsuntsaye. A kan kanta kuma littattafai ne jere, rabi na gona, rabi na tashi. Na gona: ranar shuka, iri, taki, ruwan da aka samu, abin da aka auna. Na tashi: rana, jirgi, daga ina zuwa ina, awa nawa, dare ko rana, cikin gajimare ko sarari. Rubutun hannu ɗaya, ƙanana, babu ƙarin magana. Na ɗauki ɗaya ina dubawa, shi kuma yana laluben bel yana magana, bayansa gare ni.

Tun yana saurayi ya koyi tuƙi, a wajen wani maƙwabci. A lokacin ba abin mamaki ba ne. Tun 1944 manoman Oklahoma suka kafa ƙungiyar manoma masu tashi, ta bazu a jihohin tsakiya. Mutum ya tashi ya duba shanu, ko ya je birni ya sayo ƙarfen da ya karye a tsakiyar girbi ya dawo kafin azahar. Shi dai sha'awa ce, ya riƙa tara awoyi yana ƙara lasisi a kan lasisi, yana koyar da wasu da hunturu lokacin da gona take barci. Sai 1972 ta zo, Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsin Amurka mai ɗimbin yawa, farashin alkama ya ninka har ya wuce. Kowa ya ce ƙasa ba ta faɗuwa. Banki yana bin mutane da takarda har gida. Ya ci bashi ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da ta mahaifinsa, ya sayi sabon inji. A Janairun 1980 Shugaba Carter ya hana sayar wa Sobiyet hatsi saboda sun shiga Afghanistan, a Disambar shekarar kuma kuɗin ruwan bankuna ya kai kashi 21.5 cikin ɗari. Hatsi ya faɗi, ƙasar da aka jingina ta faɗi, bashin kuwa yana ta haihuwa. Ya ce ya halarci gwanjon kayan maƙwabta har ya daina ƙirgawa: a jera tarakta da garma da gadon yara a tsakar gida, mai gwanjo yana ta zuba, mai gida yana tsaye a gefe da hannu a aljihu. Na tuna abin da malamanmu suke faɗa a kan riba, amma ban ga wurin wa'azi ba, mutumin ya riga ya karanta babin a jikinsa.

Abin da ya rage masa da banki ba zai iya sa wa lamba ba shi ne lasisin da ke aljihunsa. Wani kamfani a Wichita mai harkar mai da bututu yana neman mataimakin matuƙi, ya je aka ɗauke shi. Ya fara da King Air, mai farfela biyu, daga baya aka sayi Citation, jet sosai, dukansu ƙirar garin. Na ce to ai ka huta kenan, Baba. A nan ne ya juyo ya dube ni.

Ya ce ko na san direban babban mutum? Na ce ƙwarai. Ya ce to shi ne, sai dai motar tana da fiffike. Matuƙin jirgin fasinja yana da jadawali, ya san ranar hutunsa tun wata guda, wasu ne ke loda kaya, wasu ke share jirgi, wani ofishi ke tsara masa hanya. Na kamfani shi ne duka. Ya zo awa biyu kafin oga, ya karanta rahoton yanayi, ya shigar da takardar hanya, ya lissafa mai da nauyi, ya dafa kofi, ya zuba ƙanƙara, ya jera jaridu, ya ɗauki jakunkuna. A tashi awa ɗaya, a sauka a wani ƙauye a Texas ko Wyoming, oga ya ce zai dawo ƙarfe biyu, ya dawo bakwai. Awa biyar kana zaune a ɗan ɗakin jira kana kallon tsohuwar mujalla. Dalilin aikin kenan ma: Amurka tana da filayen jirgi na jama'a wajen 5,000, jiragen fasinja kuwa kamar 500 suke zuwa, kuma rijiyar mai ba ta zaɓar kusa da babban birni. Idan an dawo, oga ya shiga mota, kai ka tsaya kwashe kofuna da goge kujeru. A ƙugunsa akwai 'yar na'urar kira da ba ta san Lahadi ba. Kowace shekara a koma na'urar kwaikwayon tuƙi a Wichita a kashe maka inji da gangan a ga yadda za ka yi, likita kuma yana jiran ka da ma'aunin jini, rana ɗaya zai iya cewa aiki ya ƙare.

Inna ta shigo da fitila tana neman mu, ta tarar da zancen. Ta ce in tambaye shi wa ya yi noman a waɗannan shekarun. Ita ce ta tuƙa babbar mota zuwa rumbu da goyon ciki, ita ta ciyar da shanu cikin dusar ƙanƙara, ita ta zauna da mutumin banki, ɗansu kuma yana shekara sha huɗu ya hau injin girbi shi kaɗai domin an kira uban a tsakiyar yanka. Ta faɗa tana dariya, amma dariyar tana da ƙashi a ciki. Baba bai musa ba. Albashin sama ne ya biya bashin ƙasa, wannan gaskiya ne, gonar da ya saya da ta gado duk suna nan. Amma a ganina idan za a rubuta tarihin gidan da adalci, sunanta ya kamata ya zo a layin farko, shi ya biyo.

Na tambaye shi ranar da ta fi masa wuya a sama, ina jiran labarin inji ya mutu ko wuta ta kama. Ya ce a ƙasa ta faru. Wata yamma ce a wani ƙaramin fili, hadari ya ja layi tsakaninsu da gida, mai kamfanin yana da biki da daddare, ya ce a tashi a ratsa. A lokacin ya zama kyaftin. Ya ce masa ba za su tashi ba. Mutumin ya ce akwai matuƙa da yawa a Wichita da ke neman aiki, kuma gaskiya ya faɗa. A watan nan banki yana jiran biya. Baba ya ce hannunsa rawa yake yi har ya cusa shi a aljihu, amma ya san irin wannan gajimaren tun yana yaro a bayan tarakta, ya ga abin da yake yi wa rufin kwano, balle ɗan jirgi. Suka kwana a masauki, ba mai yi wa wani magana. Da safe suka tashi cikin sarari. Na ce daga baya ya gode maka? Ya ce ina, bai sake tayar da zancen ba har ya sayar da kamfanin, shi ma bai nema ba. Ya ciro bel ɗin daga bayan wata tsohuwar taya ya ce ga shi nan.

Safiya ta uku, tunda dole a jira raɓa, ya ce in zo mu duba gona. Na zaci a mota. Ya zagaya ɗan jirgin a hankali yana shafa shi kamar mai sayen sa a kara: ya tsiyayi mai a ƙaramin kofi ya ɗaga a haske ko akwai ruwa, ya leƙa ko tsuntsu ya yi sheƙa, ya motsa kowane fiffike, sannan ya ɗauko wata takarda da ta sha hannu ya karanta layi-layi da ƙarfi, abin da ya haddace tun kafin a haife ni. Matuƙan jiragen fasinja dole su sauka a shekara 65, irinsa kuwa muddin lafiya ta yarda babu mai hana shi. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, na ƙara da duk wadda ta zo bakina. Muka yi gudu a kan ciyawa muna tsalle-tsalle kamar amalanke, sai kawai girgizar ta ɗauke.

Daga sama ƙasar kamar tabarmar kaba ce mai gida-gida, wani gidan an yanke ya yi fari, wani yana nan da zinariyarsa, kogin Ninnescah yana lanƙwasa a tsakani shi kaɗai ne bai bi layi ba. Can yamma wajen Pratt ga korayen da'irori na masu ban ruwa da bututu mai juyawa. Ni ina kallon kyau, shi yana karatu: wancan ya makara da shuka, wancan ruwa ya kwanta masa a kwari, wannan ɗan ya ƙi gyara shinge tun rasuwar uban. Ya nuna mini filin jirgin Kingman, wanda aka sa wa sunan Clyde Cessna, sannan ya karkata kudu ya ce ga Rago, 'yan gidaje da rumbu, ka ƙifta ido ka wuce.

A nan Cessna ya girma, ɗan manomi, an haife shi a Iowa a 1879 aka kawo shi yana ƙaramin yaro. Gwanin gyaran injin gona ne, ya koma sayar da motoci a Enid ta Oklahoma. A 1911 ya ga ana wasan jirgi, ya bar motoci ya haɗa nasa, ya kai shi filin gishiri na Oklahoma yana koya wa kansa, ya faɗi fiye da sau goma kafin abin ya yarda da shi. A 1925 suka kafa kamfanin Travel Air a Wichita shi da Walter Beech da Lloyd Stearman, ya rabu da su saboda shi mai fiffike ɗaya yake so su kuma mai hawa biyu, ya kafa nasa a 1927. Karayar tattalin arziki ta rufe masana'antar, 'ya'yan 'yar'uwarsa, Dwane da Dwight Wallace, suka farfaɗo da ita a 1934. Bayan shekara biyu ya bar musu ya dawo nan ya ci gaba da noma har ya rasu a 1954. Jirgin da muke ciki, wanda aka ƙera fiye da 44,000 irinsa, babu wani jirgi a duniya da ya kai shi yawa, bai ma gan shi ba, sai 1956 ya shiga kasuwa. Baba ya ce mutanen birni suna ba da labarin kamar na wanda ya yi asara. Ya ɗaga kafaɗa, ya sakar mini sitiyari ya ce in riƙe da yatsa biyu, kada in shaƙe shi.

Minti biyu na riƙe, gumi ya jiƙa mini riga. Da ya karɓa sai na ga ya daina magana, yana duban kudu maso yamma, inda ni ban ga komai ba sai ɗan hazo da wasu 'yan gajimare masu kama da auduga. Ya ce mu koma, yau ba za a ci abinci a zaune ba.

Haka kuwa aka yi. Tun sha ɗaya injin bai tsaya ba sai don mai. Inna tana miƙa burodi ta taga, mu muna tsere tsakanin gona da rumbu, layin motoci ya yi tsawo domin kowa ya ga abin da Baba ya gani, a waya ko a sama. Wajen la'asar sakaliya audugar nan ta zama dutse, kanta ya baje kamar maƙera. Iska ta tsaya cik. Hadarinmu na farkon damina baƙi ne ko ja saboda ƙura, wannan kuwa wani kore-kore ne marar daɗin kallo. Manomin Kansas a Yuni ba ruwa yake roƙo ba, ƙanƙara yake tsoro, domin minti goma sun isa ta sussuke masa aikin wata tara a ƙasa. Saura gona ɗaya, kamar eka tamanin, ɗigon farko ya faɗo a gilashi. Baba ya juye abin da ke cikin inji, muka ja tamfol iska tana fizge mu, aka ruga gida.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa muka zauna, rediyo yana lissafa gundumomi. Inna ta ba ni labarin Greensburg, yamma da su a kan babbar hanya ɗaya, garin da guguwa ta share kusan duka a daren 4 ga Mayu 2007. Mu guguwa ba ta zo mana ba. Ƙanƙarar ce ta zo, ƙararta a kan kwano kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Ba ta daɗe ba.

Da gari ya waye na bi shi gonar da ta rage. Gefen arewa yana tsaye, gefen kudu ya kwanta, kara a karye, tsaba a warwatse cikin laka, tsuntsaye har sun fara biki. Ya tsuguna ya ɗebi zangarniya uku ya ƙirga abin da ya saura a jikinsu. Bai yi tsaki ba. Ya ciro ɗan littafi daga aljihun gaba ya rubuta layi ɗaya, ya ce zai kira mutumin inshora bayan karin kumallo, kuma ƙasa ba za ta ɗauki inji ba sai jibi.

Jibin ba da ni aka yi ba, aikin makaranta yana jira. Mun biyo ta Wichita, muka leƙa gidan tarihin jirage da ke tsohon ginin filin jirgin garin na shekarun 1930, muka wuce masana'antun Cessna da Beechcraft da yanzu duk suke hannun kamfanin Textron, muka tsaya a mahaɗar koguna biyu inda dogon mutum-mutumin ƙarfe na ɗan ƙabilun asalin ƙasar Amurka yake ɗaga hannu sama. Ban riƙe abu mai yawa ba, barci nake ji, ƙaiƙayi yana cikin kunnena.

Da daddare na kira gida. Na ba mahaifina labarin injin da rumbun da ƙanƙarar, na ce masa na shiga ƙaramin jirgi, kuma wanda ya tuƙa ni manomi ne sa'ansa, ya yi shekaru yana tuƙa masu kuɗi ya dawo gona. Ya saurara har na gama. Ya ce gonar tasa ce ko aro? Na ce tasa ce, wata ma ta gado. Ya ce jirgin fa? Na ce ƙaramin nasa ne, manyan na masu gida ne. Ya ce to madalla. Sannan ya ce su an yi ruwan shuka shekaranjiya, ƙanena ya gama gonar bakin rafi, amma takin bana sai addu'a, in akwai abin da zan iya turowa kafin noman fari in turo.